Kan Ragon da Surukina Ya Ci da Hulata

Zuwa ga dattawan kotun unguwarmu, Kochkor.

Assalamu alaikum. Ni ne Toktosun Abdirasulov, wanda ya koyar da labarin ƙasa shekara arba'in da ɗaya a garin nan. Uku daga cikinku sun zauna a ajina, sun kuma san ba na ƙara wa magana gishiri. Ƙarar surukina na kawo, Satibaldi, mijin 'yata Nurjamal. Ba diyya nake nema ba. Kan rago nake nema, kuma zan faɗi dalili bi da bi.

A farkon watan Yuli wani tsohon ɗalibina, Ermek, wanda yake kiwo a bakin tafkin Son-Kol, ya aiko mini da saƙo. 'Yarsa Aizada ta gama kwalejin malamai a Naryn, labarin ƙasa za ta koyar, ya shirya mata walima ranar Asabar da azahar. Ya ce ni zan zauna a ƙuryar tanti, mazaunin babban baƙo, ni za a ajiye wa kan rago, ni kuma zan sa wa yarinyar albarka. Kun san nauyin wannan. Tunda na yi ritaya ba a taɓa ajiye mini kan rago ba, duk taron da na je sai an sami wani tsoho da ya girme ni da wata uku. A wannan karon babu shi. Na sa aka goge farar hulata ta kalpak, na maƙala lambar yabo ta ilimi a kwat ɗina, na rubuta addu'ar a takarda, na gyara ta sau huɗu. Ƙanen Ermek zai zo ya ɗauke mu a jif ɗinsa, tafiyar awa uku.

Sai labari ya kai kunnen Satibaldi.

Shekara biyu ke nan yana ƙera wani abu a tsakar gidana, don nasa gidan ba fili. Ya ga Turawa masu yawon duwatsu sun tsaya a kasuwa da wata mota mai gado da murhu a ciki, ya rantse sai ya yi wadda ta fi tasu. Ya samo wata tsohuwar motar raba burodi, ya ɗora mata ɗakin katako, ya sa murhun gawayi da bututun hayaƙi, tankin ruwa a kan rufi, kabad, darduma, har da banɗaki a can baya mai ƙofa ta waje. Ya raɗa mata suna Mikiya, ya rubuta da jan fenti a gefe.

"Ata," ya ce mini ranar Laraba, don kiran uba yake yi mini, "ku da za a ba kan rago, a jif za ku tafi kamar buhun dankali? A cikin gida za ku tafi. Ku kishingiɗa a Kochkor, ku buɗe ido a bakin tafki."

"Na riga na yi magana da mai jif."

"Ni ma na yi magana da shi. Na ce ya huta."

"Wa ya aike ka?"

"Ƙauna, Ata."

Na ɗauki waya zan kira mai jif, sai aka ce ya ɗauki wasu baƙi ya yi Bishkek. Nurjamal ta zauna kusa da ni tana murza bakin ɗankwalinta, ta ce, "Ata, shekara biyu ba ya barci saboda motar nan. Ku bar shi ya gwada sau ɗaya."  Matata Burul kuwa ta tashi ta fita ta zagaya Mikiya, ta dawo ta ce in rubuta wa yara inda takardun gida suke.

An tsayar za mu tashi ƙarfe shida na safe. Ƙarfe shida saura minti biyar ina tsaye da hulata. Aka loda tsaraba: buhun fulawa, kwalbar zuma mai cin lita uku, shayi, da taswirar da zan ba Aizada. Satibaldi ya fito da tabarau baƙi da safar hannu, ya tayar da inji, ya yi ham sau uku don maƙwabta su fito. Suka kuwa fito. Ya nufi ƙofar gida, ya tsaya.

Mikiya ta fi ƙofar gidana faɗi da santimita talatin da biyu. Ni na auna, da rulata ta aji.

"Shekara biyu kana ƙera ta a nan," na ce, "ba ka taɓa auna ƙofar ba?"

"Na auna da ido, Ata."

"Da wane idon?"

Maƙwabciyarmu Kanikei ta ɗora haɓa a kan katanga tana cin 'ya'yan kabewa. "Kai Satibaldi," ta ce, "ba mikiya ba ce? Me ya haɗa ta da ƙofa? Ta tashi sama mana!"

"Inna Kanikei, injiniyoyi na aiki."

"Ina suke? Ban ga sun iso ba."

Ya cire ƙyauren hagu, ba ta wuce ba. Ya cire na dama, ba ta wuce ba. Ya ce ginshiƙin ne ya karkace tun zamanin da, ya ɗauko guduma. Wannan ginshiƙi da hannuna na gina shi shekarar da aka haifi matarsa. Ƙarfe tara saura kwata ginshiƙi yana ƙasa, Mikiya tana kan titi, mutanen unguwa suna tafi. Satibaldi ya leƙo ta taga yana ɗaga musu hannu kamar wanda ya ci zaɓe. A nan ne bututun hayaƙi ya kwashe igiyar shanyar Kanikei da duk abin da ke kanta. Yawancin kayan sun zube kafin mu kai kwanar masallaci. Wani dogon jan wando ne kawai ya naɗe a bututun, ya ƙi sauka.

"Tsaya ka mayar mata," in ji Burul.

"Lokaci, Apa uwarmu, lokaci. Idan mun dawo."

Har muka bar unguwa muna jin muryar Kanikei. Ba zan rubuta abin da ta faɗa ba, amma za ta maimaita muku idan kun kira ta.

Ni da Burul muna zaune a kan gadon, Nurjamal tana gaba kusa da mijinta. A kwanar farko bayan gari duk ƙofofin kabad suka buɗe a tare, don bai sa musu sakata ba. Kofuna, cokula, butar shayi da wata tukunya suka yi kanmu. Kwalbar zuma ta gangara ta wuce ƙafata, ta daki ƙarfen kujerar direba, ta fashe. Satibaldi ya miƙa hannu baya ya lalubo, ya dubi hannunsa, ya shafa gemu.

"Me ya sa ba sakata?" na tambaya.

"A Turai ba a kulle kabad, Ata."

"A Turai ka taɓa kwana?"

"Na gani a waya."

Burul ta cire ɗankwalinta na biyu ta ɗaure hannayen kabad, sauran kuma ni na tokare da ƙafa. Haka na yi kilomita arba'in, ƙafa ɗaya a sama, ina da shekara saba'in da huɗu.

Ƙarfe goma sha ɗaya da minti goma muka iso gindin hawa. A kan shimfiɗaɗɗiyar hanya ma Mikiya ba ta yi wa sunanta adalci ba, don wani mutum a kan jaki ya wuce mu, ya yi mana sallama, muka amsa, ya ƙara gaba. Da ta fara hawa sai ta soma tari. A kwana ta biyu tururi ya taso ta gaba, ta tsaya, ta ja da baya kaɗan kamar mai tunani.

"Shan iska take," in ji Satibaldi.

Ya sauka ya buɗe murfin lagireto da hannu. Ruwan zafi ya yi tsiri, ya jiƙe masa riga sharkaf, ya yi tsalle har tabarau ya faɗi. Nurjamal ta ce ai ga tanki cike da ruwa a kan rufi, a ɗebo a zuba. Sai ya bayyana cewa bututu ɗaya tak ya haɗa wa tankin, shi ma banɗaki ya nufa, murfin saman kuma ya like shi da walda don kada ƙura ta shiga. Lita ɗari huɗu muke ɗauke da ita a kanmu, babu wanda zai iya shan kurɓi. Da butar shayi ya yi ta jido daga wata ƙorama, sau goma sha ɗaya.

Ya sake tayarwa, ta sake ƙi. Ya ce nauyi ne, dole a rage kaya, ya sunkuci buhun fulawa zai ajiye a bakin hanya.

"Tsarabar mutane ce!" Burul ta kama ɗaya ƙarshen. "Da hannu biyu za mu shiga gidan biki?"

"Apa, ku saki, lissafin inji ne."

"Kai ka saki, lissafin kunya ne!"

Buhun ne ya gaji da su, ya tsage a fuskarsa. Da ƙura ta lafa, sai ga Satibaldi, mai shekara arba'in da shida, da farin gemu da fararen gira, fulawa ta kama zumar nan ta zauna daram. Nurjamal ta dube shi ta juya baya, kafaɗunta suna rawa. Ina roƙon dattawa su riƙe wannan gemu a ransu, zai dawo.

Sai dabara ta zo masa. Ya ce duk direban kirki ya san giyar ribas ta fi kowace giya ƙarfi, saboda haka da baya za mu hau dutsen.

Burul ta ɗauki jakarta ta sauka. "Ban taɓa zuwa gidan kowa da baya ba," ta ce, "ba kuma zan fara da tsufana ba. Nurjamal, taho. Baban Nurjamal, kai fa?"

Na dubi agogo. Saura awa ɗaya da rabi azahar, da ƙafa kuwa sai la'asar. Na ce zan zauna. Su biyu suka kama hanya a ƙasa, a kan ko wata mota za ta rage musu.

Matsalar tafiya da baya ita ce madubin Mikiya duka biyu sun tafi tare da ginshiƙina. Taga ɗaya ce take kallon baya, ita ce ta banɗaki, girmanta bai wuce littafin aji ba. Satibaldi ya ce in shiga in riƙa faɗa masa hanya.

"Ni?"

"Wa ya fi ku sanin ƙasa, Ata?"

Wannan gaskiya ce, shi ya sa na yarda. Amma kalpak ba ta shiga banɗaki, lambar yabo ma haka. Na cire hula da kwat, na ninke, na ajiye su a kujerar gaba, na ce masa ko iska kada ta taɓa su. Na ɗauki taswira na shiga, na rufe murfin wurin na zauna a kai. Ya ja ƙofa ya sa sakata ta waje.

"Me ya kawo sakata?"

"Don kada ku faɗo, Ata."

"Ta ciki fa?"

"Ita ce aikin mako mai zuwa."

Dole in faɗi gaskiya ko da a kansa ce: Mikiya ta hau. Tana kuka, tana hayaƙi, amma ta hau. Ina kallon hanya ta tagar ina ɗaga murya.

"Dama!"

"Damarku ko damata?"

"Dama ɗaya ce a duniya!"

"Ai kun ba ni baya, Ata!"

"To yamma! Karkata yamma!"

"Ina ne yamma?"

Mutumin da ya auri 'yar malamin labarin ƙasa shekara goma sha tara ke nan. Sau biyu muka daki dutse da baya, na biyun ya lanƙwasa sakatar ƙofata, ko da yake a lokacin ban sani ba. Wata motar madara da ke saukowa ta tsaya, direban ya leƙo ya tambaya ko hawa muke ko sauka. Satibaldi ya ce masa sabuwar fasaha ce daga Jamus.

A ƙwanƙolin hawa ya tsaya zai juya, giya ta ƙi fita daga ribas. Ya ja, ya tura, ya doka da sifana, sandar giyar ta fito gaba ɗaya a hannunsa. Na ji ya yi shiru, abin da ban taɓa ji ba.

"Me ya faru?"

"Ba komai, Ata. Tunda ta saba da baya, kada mu rikita ta."

Daga baya na sami labarin cewa Ermek ya hau doki tun hantsi yana jiranmu a mararrabar da ke gangaren. Ba mu haɗu da shi ba, domin kafin mararrabar na ce kudu, Satibaldi ya yi arewa, muka faɗa wata hanyar shanu. Kilomita goma sha huɗu muka yi da baya a kan ciyawa. Tumaki suka tsaya suna kallo. Wani makiyayi ya biyo mu a kan doki har tsawon kilomita, yana kallon fuskata a tagar, sannan ya ɗaga hula ya juya.

Ƙarfe ɗaya da minti ashirin tafkin ya bayyana a tagata, da fararen tantuna uku, da hayaƙin girki, da dawakan baƙi a ɗaure. Saura abin da bai fi taku ɗari uku ba, gangara ce kawai. Sai inji ya mutu, na ji Satibaldi yana tura dutse a ƙarƙashin taya.

"Me ya sa ka tsaya? Ƙarasa!"

"Haba Ata, a gaban jama'a? Da baya? Mutuncin Mikiya fa. Ku fito mu taka."

Ya ja sakata, ta ƙi. Ya doka da dutse, ta ƙara lanƙwashewa.

"Minti biyar," ya ce. "In aro sukundireba in dawo."

Iskar Son-Kol kun san ta, mita dubu uku da goma sha shida daga teku, ko a Yuli tana cizo. Rigarsa a jiƙe take. Ta tagar na ga mutum yana gangarawa da kwat ɗina a jiki, lambar yabona tana walƙiya, farar hulata a kansa. Na yi ihu. Ya waiwayo ya ɗaga mini hannu, wai in kwantar da hankali.

Abin da ya faru a tanti ban gani ba, amma Cholpon, matar Ermek, ta faɗa mini dalla-dalla, kuma ta yarda ta maimaita a gabanku. Nama ya nuna tun tuni, baƙi sun gaji da shayi, maigida bai dawo ba. Ita ba ta taɓa ganina ba, Aizada ma haka, yawancin baƙin kuma dangin uwa ne daga Naryn. An dai gaya musu dattijo ne mai farin gemu da lambar yabo. Sai ga farin gemu, ga lamba, ga kalpak suna saukowa daga tudu. Aka ɗauki murya da sunan girmamawar da ake kiran malami, "Agai ya iso! Agai ya iso!" Mutum biyu suka kama shi ta hammata, aka zuba masa ruwa ya wanke hannu, aka wuce da shi ƙurya, aka zaunar a kan sabuwar katifa. Kawun Ermek, tsoho Kalik, wanda ba ya gani sosai, ya ce kada nama ya huce, ya ɗauko kan rago da hannu biyu ya ajiye a gabansa.

Kalma huɗu ake bukata a nan: "Ba ni ba ne." Na ƙirga. Satibaldi bai faɗe su ba. Wuƙa ya ɗauka.

Ya yanki kunci ya ci. Ya yanke kunne ya miƙa. Ya ƙwaƙule ido, maimakon ya raba da wanda yake so su ƙulla zumunci, kamar yadda kowa ya sani, sai ya haɗiye shi gaba ɗaya. Ya sha nonon goɗiya kwano uku. Da ciki ya ɗauka sai baki ya buɗe. Aizada ta durƙusa ta ce, "Agai, Baba ya ce babu kogin da ba ku san inda ya nufa ba." Shi kuma, da hulata a kansa, da sunana a bakin mutane, ya gaya wa sabuwar malamar labarin ƙasa, a gaban mutum arba'in, cewa kogin Naryn yana bi ta ƙarƙashin duwatsu ya faɗa tekun Indiya, kuma shi da kansa ya taɓa bin sa a kwalekwale. Yarinyar ta sunkuyar da kai don ladabi. Cholpon ta ce ta ga idonta ya kawo ruwa.

Aka ce ya sa albarka. Kowa ya ɗaga tafin hannu. Takardar addu'ata tana aljihun kwat ɗin, amma bai laluba ba. Ga abin da ya faɗa: "Allah ya sa birkinki ya riƙa kamawa. Allah ya raba ki da zafin inji a tsakiyar hawa. Idan gaba ta ƙi, Allah ya buɗe miki baya." Mutane suka shafa, suna satar kallon juna. Tsoho Kalik ya ce masu ilimi maganarsu da zurfi.

Ni kuwa minti hamsin na yi a zaune. Na kira, ba mai ji. Can sai wani baƙin bijimi ya zo ya shinshina Mikiya, ya ga ta yi masa daidai, ya fara susa a jikinta. Na ce masa ya tafi. Ya ci gaba. Na ji dutsen da ke ƙarƙashin taya ya ce ƙwas.

Ba zan ce ta yi gudu ba, don ba ta taɓa yi ba. Tafiyar tsohuwa ta fara, sannan ta ɗan ƙara. Ta tagar ina ganin tantuna suna girma. Karnuka suka taso. Mata da ke wurin girki suka watse da ludaya a hannu. Mikiya ta ratsa tsakanin dawakai, ta kwashe igiyar da ake shanya busasshen cuku, ta bi ta kan tarin itace, sannan tayoyin baya suka faɗa ramin murhu, taku biyar daga babban tanti. Ta tsaya cak. Waldar tankin ta ɓalle, lita ɗari huɗu ta zubo ta kashe wuta, ta cika tukunyar romo. Sakatar da dutse ya kasa buɗewa ta yi tsalle. Ƙofa ta wangale.

Saboda zafin rana an naɗe gefen tantin, don haka duk wanda ke ciki yana kallona, ni ma ina kallonsu. Ina zaune a kan murfi, cikin shigata tsaf, taswira a cinya, kaina babu hula. A ƙurya kuma ga Satibaldi, ƙoƙon kan rago a hannu, maiƙo ya wanke rabin fulawar, gefe ɗaya na gemu fari, gefe ɗaya baƙi. Daidai lokacin jan wandon Kanikei ya ga dama ya saki bututu, ya sauko a hankali, ya kwanta a bakin ƙofar tanti.

Kuma daidai lokacin Ermek ya iso a kan doki, da Burul da Nurjamal a bayan wata tarakta, don a hanya ya tsince su. Ya diro, ya dube ni, ya dafe ƙirji.

"Agai! Me kuke yi a nan?"

"Ina jiran sukundireba."

Ya juya ya leƙa tanti. "To wannan wane ne?"

"Kai ba Agai ba ne?" in ji Cholpon.

Satibaldi ya ajiye ƙoƙon a hankali. "Ni ban ce ni ne ba."

"Ba ka kuma ce ba kai ba ne!"

"Ba a tambaye ni ba, 'yar'uwa. Kuma abin da babba ya miƙo da hannu biyu, ƙaramin mutum kamata ya isa ya mayar? Al'ada na kiyaye."

"Al'ada ta ce ka haɗiye ido?" in ji Burul daga kan tarakta.

"Santsi ne da shi, Apa."

Tsoho Kalik ya matso da fuskarsa dab da ta Satibaldi, ya dangwali gemun da yatsa, ya lasa. "Zuma," ya ce. "Ashe da gurasa muke ta hira."

Dariyar da aka yi har dawakai suka firgita. Ni ban yi ba. Na sauko, na taka zuwa ƙurya, na miƙa hannu. Ya cire hula ya ba ni, da tabon maiƙo a gefenta. Ya cire kwat. Sannan ya laluba faranti ya ɗago abin da ya rage.

"Ata, ga kunne ɗaya. Ban taɓa shi ba."

Kunne, dattawa. Abin da ake ba yara don su riƙa jin magana.

Ermek ya rantse zai yanka wani ragon nan take. Na hana shi, don laifin ba nasa ba ne, kuma mutum ba ya yin walima biyu saboda surukin wani. Na kira Aizada, na shimfiɗa taswira a kan ledar abinci, na bi kogin Naryn da yatsa har inda ya zama Sir-Darya ya nufi tafkin Aral. Ta ce, "Na sani, Agai. Na ɗauka ko tsufa ne." Wannan kalmar ta fi banɗakin yi mini ciwo. Na karanta mata addu'ata, aka shafa da kyau. Amma kan rago ɗaya ne a walima, kuma yana cikin Satibaldi.

A motar madara muka dawo gida. Mikiya tana can a ramin murhu har yau. Cholpon ta ce tana da amfani wajen shanya cuku, don karnuka ba sa iya hawa.

Ga abin da nake nema. Na farko, Satibaldi ya yanka rago mai shekara biyu, ya gayyato Ermek da iyalinsa da tsoho Kalik, ya ɗauko kan da hannunsa biyu ya ajiye a gabana, cikakke, da ido biyu da kunne biyu. Zan duba. Na biyu, ya tsaya a gaban taron ya nuna tekun Indiya a taswira, ya nuna kogin Naryn, ya faɗa da bakinsa cewa ba su taɓa haɗuwa ba. Na uku, ya mayar wa Kanikei wandonta da kansa, da rana, ba ta hannun matarsa ba.

Ginshiƙi da ƙyaure ya riga ya gyara, wannan na shaida. Jiya ya zo ya ce duk hukuncin da kuka yanke ya karɓa, har ya ga ragon da zai saya. Sai dai ya ce walima irin wannan ba ta dace da tsakar gida ba, a tsakiyar tafki ya kamata a yi ta, yadda ba a taɓa yi wa kowa ba. Yau da safe na tarar an sauke katako a inda Mikiya take dā, ya kuma zana siffar jirgin ruwa a ƙasa da alli.

Na fita da rulata. Faɗin jirgin mita biyu da santimita sittin. Sabuwar ƙofar da ya gina mini mita biyu da santimita goma.

Ina roƙonku ku zauna kafin Juma'a.

Toktosun Abdirasulov,
malamin labarin ƙasa mai ritaya.